A Karrama Gwanayen Matanmu Tun Suna Raye

Iyayenmu mata da ke cikin gida a Jekadafari da Bolari da Pantami da Tudun Wada, da waɗanda ke kama mu daga Kumo da Billiri da Bajoga da Dukku, sharhin yau naku ne, ko da yake rabin maganar da masu shirya taro nake yi.

Duk mazaunin garin Gombe ya san cewa da zarar shekara ta doshi ƙarshe, ko watan Maris ya kama, lokacin bikin ranar mata ta duniya, katunan gayyata sukan fara yawo. Wannan ƙungiya za ta ƙaddamar da gidauniyar marayu, waccan za ta yi liyafar cin abincin dare don tallafa wa zawarawa, wata kuma za ta karrama matan da suka yi fice. A kama babban zaure, a ƙawata shi, a fitar da anko, a sa uban taro da uwar taro da babban mai ƙaddamarwa. Kusan kullum a cikin jadawalin akwai layi guda da aka ware wa nunin al'adu. Nan ne ake shigo da 'yan mata cikin shigar Fulani ɗauke da ƙore, ko masu rawar Tangale ko ta Tera, a jera fayafayai da tukwane da tabarmi a bakin ƙofa. Minti goma, a tafa musu, su fita, a ci gaba da jawabai.

Ina son waɗannan taruka, ina kuma fatan su yawaita. Marayan da aka biya wa kuɗin makaranta daga abin da aka tara a irin wannan dare ya amfana, bazawarar da ta samu keken ɗinki ta amfana, Allah ya saka wa masu bayarwa. Abin da ke damuna shi ne wancan layi guda. Matar da ta zana ƙwaryar da aka ɗauko, wa ya faɗi sunanta? Wadda ta saƙa faifan da baƙi ke ɗaukar hoto a gabansa, nawa ya shiga hannunta? Tsohuwar da ta koya wa 'yan matan waƙar da suka rera, an ko aika mata da goro? Taro ne na karrama mata, an ƙawata shi da fasahar mata, masu fasahar kuwa ba su san ana yi ba.

A Amurka, baƙaƙen fata sun daɗe da gane amfanin irin wannan dare. A 2006 wata mata mai suna Beverly Bond ta kafa shirin Black Girls Rock, inda ake taruwa a karrama baƙaƙen mata mawaƙa da marubuta da 'yan fim da masu hidimar al'umma, a kuma yi amfani da sunan da aka samu wajen horar da 'yan mata masu tasowa. Mujallar Essence ma tun 2008 take shirya nata taron na mata 'yan fim. Dalilinsu a fili yake. Ƙasarsu ta shafe ƙarnuka tana cin moriyar muryar baƙar mace da aikin hannunta, tana kuma ture ta gefe, sai suka ce to bari mu kafa dandalinmu da kanmu. Mu a nan duk baƙaƙe ne, da mai gayyata da wanda aka gayyata. Abin da ke ɓoye gwanar mace a wajenmu shi ne talauci, da zaman ƙauye, da rashin Turanci, da raina duk aikin da aka saba gani a tsakar gida. Ko da yake, in za a faɗi gaskiya, maganar launi ma ba ta bar mu ba. A duba 'yan matan da ake zaɓa su tsaya tarbar baƙi ko su riƙe tiren lambar yabo, a ga yadda ake fifita mai haske, sannan mu koma muna mamakin yadda 'ya'yanmu ke lalata fatarsu da man bilicin duk da gargaɗin da hukumar NAFDAC ke ta yi. Taron da ya ce zai ɗaukaka mace ya kamata ya jera baƙa da wankan tarwaɗa da fara a sahu ɗaya, kowacce da alfaharinta.

Mai saurare, in kana da takardar naira goma da ta naira ashirin a kusa, fito da su ka juya bayansu. A bayan naira goma, mata biyu ne Fulani ɗauke da ƙoren nono. Babu sunansu. A bayan naira ashirin, mace ce tana ginin tukunya, ita kuwa duk ƙasar nan an san sunanta, Ladi Kwali. An haife ta wajen 1925 a garin Kwali, ƙasar Gwari, ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya kamar yadda matan garinsu ke koya, ba ta yi boko ba. Abin da ya fara bambanta ta da sauran gwanaye shi ne Sarkin Abuja na lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, ya ga tukwanenta ya san darajarsu, ya tara su a gidansa. A can wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su ya nemi mai su. A 1954 ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, ita ce mace ta farko a wurin. Aka kai aikinta Landan aka baje, ta zaga ƙasashe tana nuna gwaninta, a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa. Ta rasu a 1984. Yau a wani babban otal na Abuja akwai zaure mai sunanta, inda ake yin irin liyafar da muke magana a kai. Duk wannan ya faro ne daga mutumin gida, mai faɗa a ji, wanda ya ɗauki tukunyar mace a matsayin abin da ya cancanci ajiya, ya kuma san wadda ta gina ta.

To mu a Gombe muna da irinta? Muna da su, da yawa ma. Jihar nan, tun da aka cire ta daga Bauchi ranar 1 ga Oktoba, 1996, ta haɗa Fulani da Bolawa da Terawa da Tangale da Waja da Tula da Cham da Dadiya da Jukunawa da Barebari da Hausawa da wasunsu a ƙananan hukumomi 11, kowace al'umma da abin da matanta suka ƙware a kai. Ɗauki zanen ƙwarya kaɗai. A kwarin Gongola da kewayensa, yawanci mata ne ke wannan aiki. Wata ta sa wuƙa a wuta sai ta yi ja, ta riƙa ƙona zane a bayan ƙwarya layi bayan layi ba tare da ta fara shatawa ba. Wata ta karce da tsinin ƙarfe, ta shafa baƙi ya shiga cikin zanen. Mai ido yana kallon ƙwarya zai gaya maka daga wace ƙasa ta fito, wani lokaci har daga wane hannu. Wannan aiki ya kai matsayin da a 1986 gidan tarihin Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ya buga littafi sukutum a kan ƙoren arewa maso gabashin Najeriya. A 2011 kuma gidan tarihin ya shirya babban baje kolin fasahar kwarin Binuwai, har da tukwanen Cham da na Waja a ciki, aka zaga da shi zuwa Washington da Paris. Mutanen Paris sun shiga layi don su kalli abin da ya fito daga ƙasar Balanga, mu kuwa da roba da silba suka shigo kasuwa, sai muka bar ƙwarya ga mai fura da nono.

Haka maganar auduga. Garin nan auduga da gyaɗa ne suka ɗaga shi, musamman bayan jirgin ƙasa ya iso a 1963, har yau muna da unguwar BCGA mai ɗauke da sunan kamfanin audugar Turawa. Ana ba da tarihin manoma da dillalai da injin gurza, amma ba a cika tuna cewa tun kafin injin, kakanninmu mata ne ke gurza auduga da hannu, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari da alli, su saƙa gwado da majanyi, su sayar su yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Tsofaffin da suka iya kaɗi sun ragu ƙwarai. A wasu unguwanni sai ka yi tambaya gida-gida kafin a nuna maka guda.

Akwai labarin da nake so kowane mai shirya taro ya riƙe. Magajiya Ɗambatta zabiya ce da muryarta ta cika gidajen rediyon Arewa a shekarun 1970, har da waƙoƙin jan hankalin iyaye su sa 'ya'yansu a makaranta. Yaran da suka shiga aji saboda irin waɗannan waƙoƙi sun girma sun zama manya. Ita kuwa ta tsufa, ta makance, ta koma bara a ƙasar Kano, mutane na wucewa ba su san ko wace ce ba. Sai da ɗan jarida Jaafar Jaafar ya gano halin da take ciki ya yi shela, jama'a suka tara mata miliyoyin naira. Ba ta daɗe tana cin moriyarsu ba, Allah ya yi mata rasuwa a watan Oktoba na 2021. Allah ya jiƙanta, ya saka wa waɗanda suka taimaka. Amma a yi lissafin shekarun da ta yi tana miƙa hannu, a kuma yi lissafin tarukan karramawa nawa aka yi a Arewa cikin waɗannan shekaru, lambobin yabo nawa aka raba wa masu riƙe da muƙami. Ina da yaƙinin cewa a cikin garin nan, ko a Deba, ko a Nafada, ko a Kaltungo, akwai wata tsohuwa da ta taɓa raya bukukuwan unguwarsu da kiɗan ƙwarya ko shantu, wadda yanzu kuɗin magani ke gagara. Marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta shafe rayuwarta tana yi wa mata waƙar su tashi su nemi na kansu. Mata sun ji, sun kama sana'a. Saura mu biya su daidai da aikinsu.

Ko da an ambaci suna, in ba a tsare haƙƙi ba, da sauran rina a kaba. A wani ƙauye mai suna Gee's Bend a jihar Alabama ta Amurka, jikokin bayi mata sun daɗe suna harhaɗa tsummokara suna ɗinka barguna don maganin sanyi. A 2002 aka baje waɗannan barguna a manyan gidajen tarihi na Houston da New York, masana suka yi ta yabo, a 2006 har aka buga hotunansu a kan tamburan gidan waya. Duk da haka a 2007 sai da wasu daga cikin matan suka je kotu suna neman haƙƙinsu daga masu dillancin aikin. Yabo ya zaga duniya, kuɗi ya tsaya a hanya. Irin wannan na faruwa a nan kullum, a ƙaramin mataki. Mace ta shafe makonni tana ɗinkin hula guda, idonta na ciwo, wuyanta na ciwo, a karɓa a hannunta da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, a wanke a goge a kai Abuja a sayar da ninkin-ba-ninkin. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mata da rikicin Borno da Yobe ya koro zuwa garin nan da wannan allura suke ciyar da marayunsu.

Ba sai mun je Amurka aron tsari ba. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda a hannunsa Modibbo Buba Yero ya karɓo tutar da ta kafa masarautar Gombe, ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take zaɓar dattijuwa mai hankali daga ƙauye ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa. Wannan naɗi karramawa ce a gaban jama'a, amma tafe take da aiki, domin jaji ita ke jagorantar mata zuwa wajen karatu, ta koma gida ta koyar da waƙoƙin da ta haddace. Matan kuma sukan zo da abin da suka samu na hatsi da zuma da tufafi, Nana ta raba wa mabuƙata. Ga fasaha, ga girmamawa, ga sadaka, duk a zama ɗaya, a hannun mata, fiye da shekara 150 da suka wuce. Har yau tsarin bai mutu ba a cikinmu. Ƙungiyoyin zumuntar mata a majami'un ƙasar Tangale da Waja suna tsara waƙoƙinsu da kansu, suna kaɗa tulu, suna tara abin da za su kai wa mara lafiya da wadda ta rasa miji. Ƙungiyar FOMWAN, tun kafuwarta a 1985, tana gudanar da makarantu da ayyukan jinƙai. Kowace unguwa kuma tana da uwar adashi da mata suka amince wa da kuɗinsu shekara da shekaru ba tare da takarda ba. Mata sun iya tara kuɗi, sun iya riƙon amana. Abin da ya rage shi ne babban zaure ya buɗe musu ƙofa su shigo a matsayin masu taro.

Saboda haka, ranku ya daɗe masu shirya liyafa, ga roƙona. In za ku kawo ƙwarya, ku kawo mai zanen. Ku aika mota ta ɗauko ta daga garinsu, ku zaunar da ita a babban teburi kusa da uwar taro, mai gabatarwa ya faɗi sunanta da na garinsu da na wadda ta koya mata. In ba ta jin Turanci ko Hausa, ta yi magana da Fulatanci ko Tangale ko Tera, a fassara. In mai kulle ce, ko ba ta son shiga taron maza, a yi zama na mata zalla da rana, ai kiɗan ƙwarya da amada da ma can a cikin gida aka san su, tsakanin mata. Sannan a sa aikinta a gwanjo a gaban manyan baƙi. Alhajin da zai iya tashi ya yi alkawarin miliyan, zai iya sayen faifai guda a naira dubu ɗari, ya rataye a falonsa. Kafin a fara, a shaida wa kowa nawa ne rabon mai aikin, nawa ne na gidauniya, a kuma damƙa mata nata a daren, a gaban shaidu. Na nace a kan daren ne saboda duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ƙaddamarwa ya san bambancin abin da aka faɗa a lasifika da abin da ke shiga asusu. Wasu alkawuran sai an yi wata da watanni ana sintiri, wasu har abada. Kuɗin zaure da na abinci da na ado kuwa tun kafin taro ake biya. Bai dace a ce mai kawo shinkafa ya karɓi nasa cif-cif, zabiyar da ta raya daren ta koma gida da abin da aka liƙa mata kawai ba. A yi ciniki da ita tun farko kamar yadda ake yi da kowane mai sana'a. Bayan wata uku kuma, a zo gidan rediyo a karanta wa jama'a abin da aka tara, da abin da aka kashe, da inda saura ya tafi. Wanda ya ji haka, baɗi zai ƙara bayarwa.

Akwai shaidar cewa in an yi abin da tsari yana haifar da ɗa mai ido. A 2016 sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta gajerun labarai, ta mata zalla, da kyautar kuɗi da bikin karramawa, ana kuma karanta labaran a rediyo da sunan kowace marubuciya. Aisha Muhammad Sabitu ce ta fara lashewa, a 2022 kuma kyautar ta tsallaka iyaka zuwa Maraɗi, wajen Amira Souley. Matan da a da suke rubutu a littafin makaranta suna ɓoyewa a ƙarƙashin katifa, yanzu suna jiran a buɗe gasa. A Zariya, mata masu ɗinkin hannu sun haɗa kai tun 1994 a ƙarƙashin sunan Sarauniya Amina, aikinsu ya kai kasuwannin baje koli na Amurka da sunan ƙungiyarsu a jiki. Me zai hana gidauniya guda a Gombe ta ɗauki nauyin gasar shekara-shekara ta zanen ƙwarya, ko saƙar faifai, ko rubutun 'yan mata da harsunan jihar nan? Kuɗin ado na dare ɗaya zai iya riƙe ta.

Lokaci ne ke ƙure mana. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano a jerin al'adun duniya da ake karewa, abin farin ciki. A zama guda kuma ta sa ƙunshin lalle, bisa buƙatar ƙasashen Larabawa 16. Najeriya ba ta cikinsu, alhali babu amaryar da za a kai a garin nan ba a yi mata ƙunshi ba. Su sun rubuta nasu, sun ɗauki hoto, sun ajiye. Muna da Jami'ar Jihar Gombe tun 2004, muna da Jami'ar Tarayya ta Kashere tun 2011, ga ɗalibai da ke neman abin da za su yi bincike a kai, kowannensu da waya mai ɗaukar murya da hoto a aljihu. Wani kaso kaɗan daga kuɗin liyafa zai isa a tura su ƙauyuka su zauna da tsofaffi, su ɗauki waƙoƙin niƙa da na daɓe da na reno, su rubuta sunan kowane zane da ma'anarsa, da izinin masu shi, a kuma biya su ladan zama. Mu ma gidajen rediyo da haƙƙi a wuyanmu, domin muna da faya-fayan zabiyoyi da muke sakawa shekara da shekaru, ya kamata mu riƙa faɗin sunayensu, mu kuma bincika ko suna raye, da halin da suke ciki.

Iyayenmu sarakuna, abin da Sarkin Abuja ya yi wa Ladi Kwali yana hannunku, ku sa a nemo gwanayen ƙasarku, ku sayi aikinsu ku ajiye a fada inda baƙi za su gani su tambaya. Matan manya da 'yan kasuwa da ke karɓar katin gayyata, kafin ku amsa ku tambayi masu taron wace mai sana'a za a karrama, nawa kuma za ta samu. Ke kuma Inna, ke Gwaggo, ke Yaya da ke saurarena da allura ko mazari ko wuƙar zane a hannu, in an zo aron kayanki don a ƙawata taro, ki yi musu maraba, ki faɗi kuɗinki, ki ce a rubuta sunanki a jiki, ki kuma zaunar da 'yarki ko jikarki kusa da ke ta koya. Wanda duk ya san wata tsohuwar zabiya ko magina ko masaƙiya a unguwarsu da ke cikin wani hali, ya je ya gaishe ta a makon nan, ya kuma kai sunanta ga ƙungiyar da ke shirin taro na gaba.